Faifan Mista Cleveland

Shekara talatin ina yanka faifai a wani ɗaki bayan shagon tayoyi a Tottenham, kuma abu ɗaya nake gaya wa kowa: faifan yanka, wato faifan garmaho guda ɗaya tak da ake yanka wa mai kiɗa, ba ya daɗewa. Fatarsa taushi gare ta, duk lokacin da allura ta bi ta kansa sai ta ɗan ci. Sau hamsin, in ka yi sa'a. Kowa sai ya gyaɗa kai, irin wanda ake yi wa likita.

Ranar Juma'a Fitzroy ya shigo da nasa a rungume. Shekara ashirin da biyar ke nan ana cewa ya kusa shahara. Makaɗi ne, yana haɗa gangunan kiɗan jangul masu gudu da nauyin sautin rege, ya ɗora baitin hip-hop a kai. Mutum ɗari uku suna rantsuwa da shi, sauran duniya tana harkar gabanta.

Na san faifan, ni na yanka shi. Muryar mahaifinsa ce a kai, Mista Cleveland, wanda ya riƙe makirfo a gidajen rawa tun zuwansa daga Jamaika. Sau ɗaya tak ya yarda ya yi wa ɗansa waƙa, bayan wata huɗu ya rasu. Kaset ɗin asali kuwa ruwa ya lalata shi a ɗakin ƙasa.

Na duba layukan faifan da madubin ƙara girma. "Saura bugu uku, ko huɗu. Kawo in kwafe shi a kwamfuta yanzu."

"Haba tsoho, har da kai? Faifan da aka kwafa ai ya zama na kowa."

"Wa zai sace? Mutanenka duk sun fara ciwon gwiwa."

"Ranar Lahadi akwai bikin titi. Bari in buga shi sau ɗaya yana shi kaɗai a duniya, Litinin ka yi abin da ka ga dama."

"In suka ce a juyo fa?"

Ya yi kamar bai ji ba.

Al'adarmu ce: in waƙa ta ratsa jama'a, sai su yi ihu a juyo ta, mai kiɗa ya dafe faifan ya ja shi baya da hannu, a sake daga farko. Babu girmamawar da ta fi wannan, babu kuma abin da ya fi shi kashe faifai.

Lahadi da la'asar ina tsaye kusa da mai gasa kaza lokacin da muryar Mista Cleveland ta cika titin. Tsofaffin da suka san shi suka fara dukan ƙyauren shaguna. "A juyo! A juyo!" Fitzroy ya juyo. Na ƙirga shida, sannan na koma kan kazata.

Litinin ya zo, idanunsa a kumbure, ya ajiye faifan. Na ɗora allura. Gangunan suna nan, nauyin yana nan har tagogi na rawa. Inda muryar take, sai shuuu, kamar ana soya ƙwai a maƙwabta.

"Sun so shi dai," in ji Fitzroy.

"Ƙwarai. Na ga alama."

"Kunna makirfo. Ni zan faɗi kalmomin, tun suna kaina."

Na kunna. Ya rufe ido ya bi kiɗan, baitin farko ya fita sumul. A na biyu ya tsaya.

"Kogi ya ce, ko teku?"

Na yi tunani da gaske, wanda ba kasafai nake yi wa abokan ciniki ba.

"Ban sani ba, Fitz."

Faifan ya ci gaba da juyawa. Muka zauna muna sauraron gangunan har suka ƙare.