Tsere Na Shida

Sau uku Abdulbaƙi yana ɗawafin bankwana a bazarar nan, sau uku kuma ina leƙowa washegari in gan shi a ƙofar gidanmu na unguwar Utaibiyya a Makka yana wanke mota.

Direbanmu ne, mutumin Damagaram. Tun jikata Manar tana goye yake kai mu yana maido mu. A shekarar da aka bar mata su yi tuƙi, Manar ta karɓo lasisinta, ɗana ya ce zaman direba ya ƙare. Aka buga masa huruj niha'i, wato bizar fita ba komowa. Biza ce mai wa'adi. In ta cika kana cikin ƙasa, ba a jirgin fasinja za ka koma gida ba, sai ka bi ta gidan da ake tara waɗanda za a kora. Matarsa Larai kuwa tana can ta share ɗaki tana jira.

Mutanen unguwa sun kawo saƙonninsu tun makon farko: dabino, abayoyi, turare, carbi. Kayan suka taru a ƙarƙashin benenmu, gidan duk ya ɗau ƙamshin tafiya, matafiyin bai tafi ba.

Abin da ya riƙe shi yana can bayan Ɗa'if, a kan dutse. Wasu masu dawaki suna da filin sukuwa, suna buɗe shi ran Juma'a da la'asar. Ba a sa kuɗi, kati ake ba ka kyauta a ƙofa. Tsere shida ne, ka zaɓi dokin da zai zo na ɗaya a kowanne. Wanda ya dace da shidan ya ɗauki mota a nan take, da sharaɗin yana tsaye a filin. In ba wanda ya dace, motar ta jira mako mai zuwa. Mai biyar a ba shi bargo.

Barguna uku gare shi. A Makka, a tsakiyar zafi.

Yakan yi ɗawafinsa da safe, ya yi kuka, ya fito bai waiwaya ba, tunda mai bankwana ba ya zama. Ya hau Ɗa'if da jakarsa da niyyar daga can sai Jidda. Da magariba ya sauko da bargo, ya ɗaga tikitinsa.

Kowa cewa yake ba komai, ai ba caca ba ce. Ɗana ma haka ya ce. Ni na tsufa ina koya wa 'yan mata lissafi, na kuma ga mutumin da bai sa ko riyal ba ya ajiye makonni uku na rayuwarsa a ƙofar fili. Ban san sunan da malamai za su ba wannan ba.

Juma'ar da bizar za ta cika, na ce ni ma zan je. Manar ta loda saƙonnin mutane a bayan mota. Jirginsa na dare ne, in mun baro dutsen kafin magariba za mu iske shi.

Shi ya tuƙa mu muka hau. Hanyar tana naɗe dutsen kamar rawani, birai suna zaune a bakin kwalta suna kallonmu kamar masu jiran a biya su kuɗin hanya. Iska ta fara sanyi.

"Hajiya," in ji shi, "in Allah ya ba ni motar nan, ba jirgin sama zan hau ba. A jirgin ruwa zan sa ta, mu sauka Sudan. In yi ta tafiya yamma, in ratsa Chadi. Hanyar da kakanninku suka biyo da ƙafa, ni zan maida ta da taya. In shiga Damagaram da hantsi, Larai tana shanya, ta ji hon ta ɗauka baƙi ne."

"Ammu, da wace biza?" in ji Manar. Haka take kiransa, wato baffa.

"Ke dai ki ji da aikin tuƙin da kika ƙwace mini."

"Wallahi ban ƙwace ba, gajiya na ga ka yi!"

A filin na ga motar. Fara ce, an ɗora ta a kan dakali an ɗaura mata jan ƙyalle, maza suna zagaya ta a hankali, wasu har suna shafa ta. Muna neman wurin zama sai ga Salihu, ɗan wata tsohuwar ɗalibata, da takardu a hannu. Ashe shi yake tsara katin. Ya sumbaci kaina, ya kawo mana shayi, yana kirana Abla yadda ake kiran malamai mata a nan.

"Abla, kin zo duba aikin ɗalibai?"

"Na zo in ji yadda kuke raba barguna. Me ya sa kowa yake samun biyar?"

Ya yi dariya, bai ɓoye komai ba, alfahari ma yake da aikinsa. "Tsere na ɗaya da na biyu, dawaki kaɗan muke sawa, a cikinsu akwai wanda ko makaho ya san shi zai ci. In mutum ya faɗi tun farko, gida zai tafi. Muna so kowa ya ji katinsa da rai. Na uku zuwa na biyar, wanda ya san doki zai wuce. Na shida kuwa, 'yan dawaki ne da ba su taɓa tsere ba, mu cika layi da su. Ko mai su bai san wanda zai zo ba."

"Bargon fa?"

"Wanda ya tafi hannu wofi mantawa yake. Wanda ya tafi da bargo, duk daren da ya gan shi sai ya tuna saura ɗaya."

"Ku kuma me kuka samu?"

"Jama'a, Abla. Doki ba ya daraja a filin da ba kowa."

Abdulbaƙi yana gefe yana ji. Ya gyaɗa kai ya ce, "Haka ne, na sani. Amma ai dole wani ya zo na ɗaya."

Aka fara. Ni da na zo kama laifi sai na samu kaina ina miƙa wuya. Daga nesa ba ka jin gudun dawakin, sai ka ga launuka suna zamewa a gefen dutse, sannan ƙarar kofato ta iso maka ta cikin kujera. Abdulbaƙi ya dace da na ɗaya, ya dace da na biyu. A na huɗu rabin filin suka yayyaga katinsu. A na biyar wata goɗiya ja da ya zaɓa ta fito daga baya ta wuce, ya kama hannun wani Basudane da bai sani ba yana girgizawa.

Sai gajimare ya sauko. A Ɗa'if haka yake yi, ya gangaro daga kan dutse ya shiga cikin mutane. Ya haɗiye ƙarshen fili, ya haɗiye tutoci, ya zo ya lulluɓe motar har sai jan ƙyallen kaɗai ake gani yana shawagi. Dawakin tsere na shida suna yawo a ciki, kai ba jiki, jiki ba kai. Aka sanar a lasifika cewa an dakata sai gari ya washe.

Muka jira. Rana ta yi ƙasa. Manar ta duba wayarta ta dube ni.

"Abdulbaƙi," na ce, "lokaci ya yi."

"Hajiya, yanzu zai yaye."

"Wataƙila. Wanne ka zaɓa?"

"Wani akawali, baƙi mai farin goshi. Na ga yadda yake taka ƙasa."

"Zai iya ci. Ban ce ba zai ci ba. Amma mu yanzu za mu sauka, da saƙonnin mutane, da jakarka. Kujerar baya tana nan."

Na kama hannun Manar muka nufi mota. Ba na ganin abin da yake gabana, sai raɓa a fuska. Manar ta tada inji, ta kunna fitila, ta juyo gare ni.

"Sitti, in bai zo ba fa?" Haka take kirana, wato kaka.

"Ƙirga birai."

"Ba na ganinsu."

Sai muka ji an buɗe ƙofar baya. Ya shigo ya zauna a tsakanin kwalayen dabino, katin yana hannunsa ya jiƙe. Da muka wuce lanƙwasa biyu a gangaren, ya leƙo wajen Manar.

"Taka burki kafin kwana, ba a cikinta ba."

"Hadir, na ji, Ammu."

"Kada ki duba waya. Kada kowa ya gaya mini." Ya jingina kansa, ya rufe ido. "Ga su nan an jera su. An buɗe. Nawa bai fita da wuri ba, ba komai, yaro ne, bari ya ga hanya. Yana na bakwai. Mahayin ya sassauta masa linzami. Ga shi ya wuce hurden dokin nan, ya wuce farin kilin. Hajiya, kina gani?"

"Ina gani."

"Yana na uku. Sun doshi kwanar ƙarshe, ya fita ta waje, ya miƙe wuya..."

Na jira in ji sauran. Motar ta fito daga ƙarƙashin gajimaren, kwarin Makka ya buɗe a gabanmu, zafi ya fara dawowa ta gilashi. Na waiwaya. Bakinsa a ɗan buɗe yake, barci ya ɗauke shi.

Manar ta rage gudu, ta kama hanyar Jidda.