Awa Ɗaya Ranar Asabar

Wanda ya fara jawo wayar intanet zuwa layinmu shi ne tsohon magatakardan kotu, shekara goma sha huɗu ke nan, a watan da ya ajiye aiki. Wannan magana ce tabbatacciya, domin a gabanmu aka jingina tsani a jikin falwayar da ke ƙofar gidansa, aka sauko da baƙar waya mai kaurin ɗan yatsa, aka huda bango aka shigar da ita falo. A lokacin kamfanin ƙarami ne, kuma idan ka buga musu waya mutum ne mai rai yake ɗauka, ya gaishe ka, ya tambayi lafiyar iyali. Wanda ya hau falwayar ran nan wani siririn ma'aikaci ne da muka laƙaba wa suna Mai-tsani.

Magatakarda mutum ne da ba ya son jin daɗi shi kaɗai. Duk maƙwabcin da ya leƙo ya ga abin ya yi sha'awa, sai ya zaunar da shi, ya ɗauko alƙalami, ya rubuta wa kamfani takarda a madadinsa. Kowace takarda da jimla ɗaya take ƙarewa: "A haɗa masa daga falwayar da aka haɗa mini, kamar yadda aka yi a gidana." Shekara talatin da ya yi a kotu ta koya masa cewa abin da aka taɓa yi aka ga kyansa, shi ake bi. Da haka gida ashirin da shida suka shiga, kuma kwafin kowace takarda yana cikin wani koren fayil a saman kabad ɗinsa.

Daga baya aka sayar da kamfanin ga wani babba. Aka sake fentin motoci, aka sake tambari, aka sallami yarinyar da ke ɗaukar waya. Sabis kuwa ya shiga ja da baya a hankali, kamar mai ciwon ƙafa. Da farko da yamma yake nauyi. Daga baya ya zama ko saƙo ka tura sai ka tsaya kana kallon wani ɗan zobe yana juyawa. Wanda ya kira kamfani, murya ce ta na'ura za ta ce masa ya danna ɗaya, ya danna uku, sannan ta sa masa kiɗa har kunnensa ya yi zafi.

Duk layin babu wanda abin ya fi taɓawa kamar matar Magatakarda, wadda babba da yaro suke kira Goggo. 'Yarsu ɗaya tilo tana aure a wata ƙasa mai nisa, tana da yarinya 'yar shekara shida mai sunan Goggo, saboda haka Takwara ake ce mata. Kaka da jika sau biyu kacal suka taɓa haɗuwa ido da ido. Abin da ya riƙe su shi ne kiran bidiyo na ranar Asabar, daga ƙarfe huɗu zuwa biyar na yamma, domin a lokacin uwar ba ta wurin aiki, yarinyar kuma ba ta yi barci ba. Goggo tana koya mata saƙar hula da ƙwarashi. Takan ɗaga hannuwanta gaban kwamfuta ta ce, "Kalli nan, Takwara. Ki cusa, ki naɗo zaren, ki jawo." Sai hoton ya daskare daidai wurin naɗowa, Goggo baki buɗe, ido ɗaya a rufe. Kafin ya dawo ta yi layi biyu, yarinyar kuwa ta cukurkuɗe zarenta tana kuka.

Magatakarda ya yi abin da ya sani. Ya rubuta wa kamfani takardar koke, ya kawo tarihin layin tun daga ranar farko, ya tunatar da su cewa shekara tara da suka wuce, da iska ta tsinke waya, cikin awa uku aka gyara. Ya sa babbar riga ya kai ofis da kansa. Wani matashi rataye da igiyar kati a wuya ya karɓa ya juya ta gaba da baya.

"Baba, ai ba ma karɓar takarda yanzu. Ta intanet ake shigar da koke."

"Ta intanet ɗin da na zo in gaya muku ba ya aiki?"

"E to, haka tsarin yake, Baba."

"Ɗana, sa mini hatimi a kwafina dai, a san na zo."

Ba su da hatimi. Matashin ya sa hannu don ya rabu da shi. Takarda bakwai ya kai a haka cikin wata biyar.

Ana cikin wannan hali maƙwabta suka fara gajiya. Tela ya ce zai sa a cire masa, ya koma amfani da wayar hannu. Direban babbar mota ya ce shi ma haka, tunda ƙwallon Asabar da 'ya'yansa suke kallo, sai an ci a gidan wasu da minti biyu kafin a ci a nasa. Magatakarda ya bi su gida-gida. Ya ce mutum ba ya barin abin da ya fara don ya ga tangarɗa. Ya ce idan suka watse, da wane ƙarfi zai yi wa kamfani magana? Saboda girmansa suka haƙura. Ya dawo gida yana gaya wa Goggo cewa ko gida ɗaya bai zube ba.

"Sannu da ƙoƙari, Malam," in ji ta. "Ni dai hular Takwara ko kunne ba ta rufe ba."

Wata Asabar aka kira, sai fuskar 'yarsu ta bayyana ita kaɗai. Muryarta tana yankewa, amma an ji abin da ta faɗa.

"Mama, ta ƙi zuwa. Ta ce Kakar cikin kwamfuta ba ta jin magana, ana yi mata tambaya tana yin shiru. Ko mu bar bidiyon nan haka, in riƙa turo miki muryarta?"

Goggo ta ce to, duk yadda ya fi sauƙi. Ta naɗe zarenta ta sa a kwando, ta shiga ɗaki. Magatakarda ya daɗe zaune yana kallon 'yan fitilun akwatin intanet suna ƙyaftawa. Komawa ga wayar hannu ba mafita ba ce a gare su, domin gidan tsohon gini ne mai kaurin bango, sai an fita tsakar titi ake samun magana. Washegari bai rubuta takarda ba. Ya bi ta hannun mai kantin layinmu ya samo lambar Mai-tsani, wanda har yanzu yake aiki da kamfanin a wani yanki.

Mai-tsani ya zo ranar Talata da hantsi. Ya yi ƙiba, furfura ta fito masa, tsanin ma sai da ya yi bismilla biyu kafin ya hau. Ya buɗe akwatin ƙarfen da ke saman falwaya, ya daɗe yana kallo, sannan ya sauko yana girgiza kai yana dariya.

"Ranka ya daɗe, ka san gida nawa ne ke sha daga nan?"

"Ashirin da shida. Ni na rubuta wa kowanne."

"To ai shi ne. Wayar nan da na jawo maka, ta gida takwas ce, in an matsa goma. Duk wanda ka rubuto, sai a ce mu bi yadda ka ce, mu jona daga nan. A da ba a ji ba, don saƙo kawai ake turawa. Yanzu kowane gida yara huɗu, kowa da abin kallonsa. Kamar famfo ɗaya ne, ranka ya daɗe, aka sa masa baki ashirin da shida."

"To kamfani ya sake babbar waya mana."

"Tun shekara uku da suka wuce na rubuta musu haka. Sun ce yankinku yana cikin jeri. Jerin kuwa ban san mai riƙe da shi ba." Ya goge gumi. "Da ma rabinsu za su fita, da ka ga aiki. Na ji an ce wasu sun so cirewa, wani dattijo ya hana su."

Magatakarda ya gyara tsayuwa, ya dubi falwayar, ya dubi takalmansa.

"An yi haka," in ji shi.

Goggo tana tsaye a bakin ƙofa da kofin ruwan da ta kawo wa baƙo. Ta miƙa masa, sannan ta ce, "Malam, ashe kai ne kamfanin da muke ta yi wa Allah ya isa."

"Da kyakkyawar niyya aka yi, Hajiya," in ji Magatakarda.

"Na sani. Da kyakkyawar niyya jikata ta daina kula ni."

Mai-tsani ya ga wuri ya yi nauyi, sai ya ce ai ba kullum ba ne matsalar. Da a ce lokacin kiran sauran gidajen za su kashe nasu, hoto zai fito tar kamar a madubi. Ya faɗa ne don a yi dariya. Magatakarda bai yi dariya ba.

A iya saninmu, mutumin nan bai taɓa roƙon kowa komai a layin ba. Shi ake roƙo ya duba takarda, ya raba gardama. Ranar Laraba ya sa babbar riga, ya bar koren fayil a gida, ya fara daga gidan tela. Bai kawo tarihi ba. Ya ce kuskurensa ne aka cunkushe waya ɗaya, ya ce wanda yake son cirewa ya cire, ba zai sake hana kowa ba. Sannan ya ce yana roƙon a kashe intanet na awa ɗaya, ranar Asabar, huɗu zuwa biyar, saboda Goggo.

Tela ya cire tabarau ya ce, "Baba, ai da ka aiko yaro ma ya isa. Goggon da ta yi jinyar matata sati biyu?"

A gidan direba ne aka sha fama, domin ƙarfe huɗun Asabar lokacin ƙwallo ne.

"Baba, ka roƙi motata in ba ka da makulli. Amma huɗu zuwa biyar? Rabin farko fa ke nan gaba ɗaya!"

"Ai ka ce sai an ci da minti biyu kake gani. Ka ji a rediyo, ka riga kowa."

"Wallahi Baba ka iya shari'a. To ranar wasan ƙarshe fa?"

"Ranar wasan ƙarshe a ɗage zama zuwa Lahadi."

Matar direba ta leƙo daga kicin ta ce ya amsa kawai, ita za ta zare wayar da hannunta, ko yaran nan sa tuna suna da littafi. Kwana uku ya yi yana zagaye. Gida biyu suka ce ba za su iya ba, ɗaya saboda ɗalibi mai jarrabawa, ɗaya kuma bai ba da dalili ba. Ya yi musu godiya daidai da sauran.

Ranar Asabar, ƙarfe huɗu saura minti biyar, mai kanti ya fito ya buga murfin tukunya sau uku. Layin da ya saba zama shiru a wannan lokaci ya cika da yara masu kumbure-kumburen fuska, iyayensu kuma suka fito da kujeru. Direba ya ɗora rediyo a kan bonet ɗin motarsa. A falon Magatakarda aka kira, 'yar ta ɗauka, ta ce yarinyar tana bayan kujera ta ƙi fitowa.

Goggo ba ta lallashe ta ba. Ta ɗaga hannuwanta gaban kwamfuta ta fara saƙa, tana yi tana magana ita kaɗai. "A cusa, a naɗo, a jawo. Ni dai tunda ba ni da takwara, wata yarinyar zan ba hular nan."

Wani ɗan kai ya leƙo daga bayan kujera.

"Kaka, kina motsi!"

"Da can gunki ce ni?"

"Kaka, kina jina? Ce ayaba."

"Ayaba. Ɗauko zarenki, sarkin surutu, kin bar ni da aiki ni kaɗai."

Sau huɗu yarinyar ta gwada naɗowa zaren yana zamewa. Goggo ta matso da yatsunta har suka cika fuskar kwamfutar, ta yi a hankali, kuma hoton bai tsaya ko sau ɗaya ba. A na biyar ya kama. Ihun da Takwara ta yi, tela ya rantse a shagonsa ya ji shi. Magatakarda yana tsaye a bayan kujerar matarsa da agogo a hannu, kuma biyar daidai ya fita ƙofar gida ya ɗaga hannu, yara suka ruga ciki kamar an buɗe makaranta.

Yau wata goma sha ɗaya ke nan ana haka. Kamfani bai sake waya ba, bai kuma amsa ko ɗaya daga takardu bakwai ba. Sabis na sauran kwanaki yana nan yadda yake, ana tsaki ana haƙuri. Gida biyar sun cire, da yardar Magatakarda, saura ashirin da ɗaya. An samu Asabar arba'in da huɗu, an ɗage uku zuwa Lahadi saboda ƙwallo, ɗaya ta faɗi saboda ɗaukewar wuta. Takwara ta gama hula biyu, ɗaya da ta aiko ta yi wa kakanta kaɗan amma yana sa ta a cikin gida. Goggo kuwa ta riƙe jikarta.