Yarinyar da Ta Tare Kogi

Zazzaɓi ya kwantar da Itzel ana gobe Ranar Matattu, ranar da mutanen Meziko ke jera wa mamatansu abinci da furanni ruwan goro. Daga tabarmarta tana hango teburin da mahaifiyarta ta shirya, hotunan dangi reras, kowane da burodinsa. Can gefe ga ƙoƙon kunun masara, babu hoto a bayansa. Kaka Eulaliya ce ke ajiye shi kowace shekara, ba ta taɓa faɗin na wane ne ba, yanzu kuwa tsufa ya fara kwashe mata sunaye. Mahaifiyar Itzel ta ce daga na bana an daina, ba a ciyar da wanda ba a sani ba.

Rana na dukan taga, ƙarar niƙa a tsakar gida ta yi ta nisa, idon Itzel ya yi nauyi.

Sai ga ƙoƙon ya sauko yana juyi, bai zubar da ko ɗigo ba.

"Biyo ni kafin in huce," in ji shi.

Ta bi shi ta cikin wata gona inda masara ke tsirowa daga sama, gemunta na shafar kan mutum. Suka ratsa kasuwar ƙwarangwal, maza da malafa, mata da mayafi masu ado, suna gaishe ta haƙora na kaɗawa. Wata tsohuwar ƙwarangwal ta gyara mata kitso da yatsun ƙashi, ta ce, "Wuce, 'yar nan. An daɗe ana jiran mai labari."

Kasuwar ta narke, sai ga kogi tsaye kamar katanga, jajir da laka, awaki da ƙyamare na juyawa a cikinsa. A gindinsa wata yarinya sa'arta, ƙafa ba takalmi, ta kafa tafukanta biyu ta tare ruwan. Ko taku ɗaya ba ta ja baya ba. Itzel ba ta taɓa ganin tsayuwa irin wannan ba, har ta manta da tsoro.

"Lala ta haye?" yarinyar ta tambaya, ba ta waiwayo ba.

"Wace ce Lala?"

"Ƙanwata. Na ɗora ta kan reshe, na ce kada ta saki. Ba zan sauke hannu ba sai na ji."

Sai Itzel ta gane. Lala. Eulaliya.

"Ta haye, Yaya! Ta girma, ta haifi uwata. Har furfura ta yi."

Yarinyar ta waiwayo, ta tuntsire da dariya, ga wushirya irin ta Kaka sak. "Furfura? Lala?" Ta sauke hannuwanta a hankali, kogin ya sunkuyo bisa kansu yana ruri.

"Ki ce mata Nika..." in ji yarinyar.

Itzel ta zabura, jiƙe sharkaf da gumi. Kaka Eulaliya na zaune kusa da ita, riƙe da wuyan hannunta.

"Kaka, wace ce Nika?"

Tsohuwar ta dube ta, leɓunanta na motsi.

"Nikanora," ta ce. "Ta sauke hannun?"

"Ta sauke, Kaka. Tana ta dariya."

Kaka ta kifa fuskarta cikin mayafi, kafaɗunta na rawa. A tsakar gida, niƙa ya tsaya.