Ruwan Kaka

Duk unguwar Nima a Accra an san Mma Hamsatu mai shinkafa da wake a bakin babban gwata, an kuma san bakinta ba shi da linzami. Mijinta mahauci ne, ya rasu ya bar mata ɗa guda, Iddrisu, wanda fataucin shanu ya kai arewacin ƙasar, wani ƙauye wajen Bongo, ya zauna can da matarsa Abibata da 'ya'yansu mata biyu.

Shekarar da ya kawo babbar, Fusena, yawon sallah, yarinyar ta yi dariya, Hamsatu ta saki ludayi. Haƙoran duk sun yi ja-ja kamar na tsohon da ya shekara hamsin yana cin goro. In ta tashi kuma sai ta dafa gwiwa.

"Wane marar hankali ne yake ba yarinya goro?"

"Mma, ba goro ba ne. Haka yaran garin suke duka."

"To duka garin marasa hankali ne."

Ta ja ta zuwa asibiti a Maamobi. Nas ɗin 'yar arewa ce, kallo ɗaya ta yi ta gane. Ta ce ruwan famfon burtsatse ne. Dutsen ƙasar yana da wani sinadari, fulorayid, in ya yi yawa yakan ci haƙori, daga baya ya sauka ƙashi. Haƙoran Fusena sun tafi ke nan. Amma ƙaramar, Madina, da ba ta yi famfara ba, ana iya cetonta. A ƙona ƙashin saniya a rufe har ya zama gawayi, a daka, a zuba a durom, a bar ruwa ya ratsa. Gawayin zai kama abin ya riƙe.

Iddrisu ya ɓata fuska. "Ƙashin me? Ni ba zan sha ruwan mushe in yi sallah ba."

"Matar mahauci kake gaya wa mushe? Ubanka ne ya koya maka?"

Da ƙafarta ta je Sabon Zongo wurin wani mahauci, abokin marigayi, ta tsaya aka yi bisimilla aka yanka saniya a gabanta, ta kwashe ƙasusuwan. Ta dafa su, ta kankare kitsen, ta shanya a kan kwano, ta ƙona a bayan gida. Ƙaurin ya cika layi. Maƙwabta suka ce tsohuwa ta fara tsafi, masu sayen abincinta suka ragu. Ta ce duk wanda hancinsa ya fi ƙarfin ƙauri ya koma Cantonments wurin masu kuɗi. Ta daka gawayin a turminta har kafaɗa ta riƙe, ta sa maƙeri ya huda durom ya sa masa famfo, ta ɗora a motar shanu mai komawa arewa. Bayan haka duk 'yan watanni sai ta aika sabon buhu, domin an gaya mata gawayin yakan ƙoshi. Duk direban da ya dawo ta tare shi: durom yana nan? Yana nan, Mma, an ma yi masa rufi da sabon zane.

Aka ci shekaru a haka. Sai bikin wata 'yar uwa ya kawo su Accra gaba ɗaya.

"Zo nan, ƙawata," in ji Hamsatu ga Madina. "Buɗe min baki in ga dukiyata."

Yarinyar ta wangale baki. Sababbin haƙoran gaba sun fito, fari-fat kamar alli, da ɗigon ja a gefe.

Hamsatu ta zauna a ƙasa. "Ba kya shan ruwan durom ɗina?"

"Ruwan Kaka? Ai na Baba ne da baƙi. Da alwala. In mun taɓa Mama tana dukanmu."

Abibata ta durƙusa. Ta ce ruwan ɗigo yake yi, da ƙyar ya cika bokiti a yini. Abu ya fito daga hannun surukarta, daga Accra, ta yaya za ta bar yara su yi wasa da shi? Ta kai shi ɗakin maigida. Liman ma in ya zo shi ake ba shi, yana sa albarka.

"Liman yana da haƙoran da zai fitar ne? Na ƙone hannuna don ƙattin banza su wanke ƙafa?"

Washegari ta kai ƙara gidan sarkin unguwa. Ba ta jira an ba ta izini ba.

"Ranka ya daɗe, jikokina nake so. Duka biyun. Nan ruwan famfo ko ba ya zuwa kullum, ba ya cin yara."

Iddrisu kansa a ƙasa. "Mma, girmama ki muka yi."

"Girman ya ci uwarsa. Na ce muku na yara ne ko ban ce ba?"

"Kin ce na gida ne."

Hamsatu ba ta tuna abin da ta ce ba. Wa zai zaci sai an faɗa?

Sarki ya ce 'ya'ya na ubansu ne, shari'a ba ta ba ta ikon ƙwacewa ba, amma riƙon jika abu ne da aka gada. Ya roƙi Iddrisu. Iddrisu ya ce Abibata tana da ciki, ga ɗiban ruwa, ga daka, ba za ta iya ita kaɗai ba. Ɗaya zai bari. Mma ta zaɓa.

Ta zage shi, ta zagi shanunsa, ta zagi waɗanda suka haƙa famfon suka tafi ba su auna ba. Ba abin da ya motsa. Ɗaya.

Hamsatu ta zaɓi Madina. Sauran haƙoranta ba su fito ba, gwiwarta lafiya lau.

Ranar tafiya, a tashar mota, Hamsatu ta kama kunnen Abibata ta ce durom a tsakar gida, yara su fara sha, baƙo ya sha na randa ko ya koma gidansu. Abibata ta ce to. Fusena tana gefe da ƙullin kayanta, hannu a kan baki. Ta kasa taka matakalar motar, sai da kwandasta ya ɗaga ta. Ta leƙo ta taga.

"Kaka."

"Na'am."

"Don nawa sun riga sun lalace ne?"

Hamsatu ba ta taɓa yi wa kowa ƙarya don ta faranta masa ba, ko mijinta. Ta nemi ɗaya yanzu, ko ƙarama, ta rasa.

"E," ta ce.

Fusena ta gyaɗa kai, ta koma ta zauna. Motar ta tashi.