Yatsu Uku a Jikin Bulo

Shekara ashirin da shida Roscoe Gadsden yana aikin birkila, bulo guda bai taɓa hana shi sakat ba sai wannan.

An ba shi gyaran bangon tsohuwar ganuwar soja da ke bakin teku a tsibirinsu, a Karolina ta Kudu, ɓangaren da gishiri ya cinye. Injiniya ya bi da alli ya yi wa duk bulon da ya ruɓe alama, Roscoe kuma ya bi alli da guduma. Ranar Talata ya fasa layi biyu daidai ƙirji, ƙarƙashin igwa ta uku, tifa ta kwashe ɓaraguzan. Sai ranar Alhamis, yana cin abincin rana, ya ɗaga kai ya gane inda yake zaune.

Bayi ne suka buga jan bulon ganuwar nan, yara kuma ake sa wa su juya shi a rana tun yana ɗanye. A cikin dubban da ke bangon akwai guda mai sawun yatsu uku ƙanana, daidai inda ya fasa. Kowace shekara, Asabar ɗin farko ta Mayu, matan cocinsu sukan zo su zuba ruwa a gindin bangon, kowacce ta sa yatsa a sawun, su yi waƙa su tafi. Gwaggo Odessa, yayar mahaifinsa, ita ke gaba. Ita ta ɗaga shi yana ɗan shekara biyar ya taɓa wurin. Yanzu ta doshi casa'in, ido ya tafi, da hannu take gani. Asabar ɗin kuwa jibi ce.

Ranar Juma'a ya zaɓo wani tsohon bulo mai lafiya daga tarin da aka ware, ya ɗauki injin gurza ya yi masa rami uku. Yana yi yana gwadawa da yatsunsa, yadda yake gwada kowane aiki, har suka zauna daidai. Ya goge bakin ramukan, ya shafa laka da ruwan teku, ya saka shi a gurbin. Aikin ya yi kyau ƙwarai. Bai iya tsayawa ya kalle shi ba.

Da hantsin Asabar suka iso, su tara, da fararen huluna da tulun ruwa. Sista Verdell, mai jan waƙa, ta hango shi rakuɓe a bakin ƙofa.

"Ka ga birkilan gwamnati. Roscoe, tun da ka samu aikin nan ko cocin ba ka leƙowa. Ko bangon ne ke yi maka wa'azi yanzu?"

Ya yi yaƙe, ya ce aiki ne ya yi yawa. Ya kama hannun gwaggonsa ya kai ta wurin, kamar kullum.

Ta shafa bangon a hankali har ta samu sawun. Ta daɗe hannunta yana wurin.

"Yaron nan ya girma bana," in ji ta.

Matan suka yi dariya, sun ɗauka tsokanar tsofaffi ce. Ita ba ta yi ba. Ta ce Roscoe ya ba ta hannunsa. Ya ba ta. Ta jera yatsunsa uku ta tura a ramukan, suka shige har gaɓar farko.

"Shekara tamanin ina zuwa nan, ƙaramin yatsana kaɗai ke shiga."

Dariyar ta ɗauke. Roscoe ya cire hularsa ya faɗa musu. Ya fara kawo zancen injiniya da alli, ya ji yadda maganar ke fita, ya bari. Ya ce shi ya fasa, bai ko duba ba, shi kuma ya sassaƙa wannan jiya.

Ya so a zage shi.

"Fasawar ba ta ƙona min rai ba, ɗan nan," in ji Gwaggo Odessa. "Ko ba kai ba, teku za ta ci shi wata rana. Amma ka dubi makantata ka ce ta ishe ka rufa asiri."

"Gwaggo..."

"Ina aka kai bulon?"

Ya ce an yi cikon rami da ɓaraguzan a hanyar fadama, bayan wurin ajiye motocin baƙi. Ta ce to can za su. Ya miƙa hannu zai riƙe ta, ta laluba gefe ta kama na Verdell.

Ya bi su a baya. Ramin na tsakiyar hanya, tayoyi sun riga sun daddaɓe jan garin ya yi sumul. Matan suka kewaye shi, aka karkata tulu, ruwan ya bi sawun taya. Verdell ta ɗauko waƙar ƙasa-ƙasa.

Wata motar baƙi ta taho, ta tsaya, ta danna ham. Wata ta tsaya a bayanta. Roscoe ya fita tsakiyar hanya ya ɗaga musu hannu. Direban ya leƙo yana tambaya ko lafiya, me ake yi a nan. Roscoe bai gusa ba. Ya tsaya hannu a sama, ya ba matan baya, har aka kai ƙarshen waƙar.