Sunan da Ba a Buɗe Ba

Kaltumi ce ta saka mahaifiyarta a zauren labaransu na waya. Ranar ta shiga Garwa sayen zare, ta biya ta rumfar atamfar mahaifiyar a babbar kasuwa, ta tarar babu ciniki. Ta karɓi wayarta ta tura lambar ga shugabar zauren, ta ce, "Adda, ga labarai nan kyauta, ki riƙa karantawa kina rage zaman shiru."

Mahaifiyar ta karɓi wayar ba ta ɗago ba, ta ce, "To."

Adda take ce mata, don haka ta taso ta ji ƙannen uwar suna kiranta. Kaltumi 'yar fari ce. Ana yaye ta kakarta, Inna, ta ɗauke ta zuwa Pitowa. A can ta girma, a can ta yi aure, a can take ɗinki. Har yanzu da take goye da nata ɗan, ba ta taɓa jin sunanta a bakin mahaifiyarta ba. In ta zo gida sai dai "Kin zo?" In ana maganarta da wasu sai a ce "ta wajen Inna". Kowa ya san kunyar ɗan fari ce, ita ma ta sani. Amma sanin bai hana ta jin zafin abin ba, duk sanda ta ga Adda ta jawo ƙaramar 'yarta jiki tana mata tsiya.

Zauren na WhatsApp ne, mata zalla, sunansa Tabarmar Labari. Akwai 'yan Garwa, akwai na Marwa da Banyo. Malama Balkisu, wata malamar firamare, ita ta buɗe shi, ita kuma ta kafa dokokinsa bayan wata rigima da aka taɓa yi, lokacin da kowa ke zaɓar ƙawarta. Duk wata sai ta ba da abin da za a yi rubutu a kai. Mai labari ta tura mata a ɓoye, ita ta cire sunan, ta sake buga shi da hannunta, ta ba shi lamba. Ƙuri'a ma a ɓoye ake tura mata. Wadda duk ta gane mai labari, ta kama bakinta, ta kuma janye ƙuri'arta ta wannan watan. Suna ɗaya tak ake buɗewa, na wadda ta ci, ita kuma ta yi wa zaure godiya da muryarta.

Adda ta shekara a ciki ba ta taɓa cewa uffan ba. Kaltumi har ta ɗauka ba ta buɗewa.

A wannan watan, kan ziyara aka ce a rubuta. Kaltumi na zaune gaban keken ɗinki da hantsi labaran suka shigo. Ta karanta na biyu ta yi dariya har ɗanta ya farka, labarin wani baƙo ne da ya zo kwana biyu ya zauna har aka gama cirar auduga. Sai ta kai na huɗu.

Labarin wata mata ne da aka aiko mata cewa 'yarta ta fari na kwance da ƙyanda a gidan kakarta. Ta dama kunun gyaɗa da tsamiya, ta zuba a kwanon sha mai lotsattsen murfi, ta hau mota. Da ta isa ƙofar gidan sai ƙafafunta suka ƙi shiga.

"In na shiga me zan ce wa uwata?" in ji labarin. "In ce 'yata na zo dubawa? Gida cike da ƙannena da baƙi, sai dai a yi ta ba da labarina. Na zagaya gidan maƙwabciya mai bishiyar gwaba, na ba ta kwanon, na ce ta ce ita ta dama. Na sa yatsa na buɗa zana kaɗan. Ga ta nan kwance a tabarma, idanunta sun kumbura. Ta sha kunun, sannan ta ce wa maƙwabciyar, 'An gaya mata ba ni da lafiya?' Ni take nufi. Ina tsaye, taku kaɗan tsakaninmu. Na cusa bakin mayafina a baki don kada a ji ni."

Kaltumi ta ajiye wayar a kan yadin da take ɗinkawa. Ta tuna tabarmar. Ta tuna murfin kwanon. Ta tuna ta yi wannan tambaya, ta kuma tuna ba a ba ta amsa ba, an dai shafa mata goshi.

A zaure kuwa an kaure.

"Wayyo ni, na huɗun nan ya sa na ƙona miya!" in ji Maimuna ta Banyo, wadda ba a raba ta da surutu. "Kuma wallahi kamar na san mai shi."

Malama Balkisu ta rubuto, "Maimuna, ki rufe bakin nan ko in ajiye ki waje mako guda."

"Tuba nake, Malama. Ni da ko rubutun mijina ba na ganewa."

Wata ta ce matar labarin ba ta kyauta ba, ai da ta shiga. Wata ta ce, "Ke yarinya ce, ba ki san zamaninmu ba. Ni ɗan farina yana faɗuwa a gabana sai dai in kau da kai in jira wani ya ɗaga shi." Kaltumi ta duba ƙasan saƙonnin, ta ga Adda ta karanta duka. 

Da la'asar ta goya ɗanta ta nufi tsohuwar unguwarsu. Inna ta rasu, gidan ya koma hannun kawunta, amma maƙwabciyar na nan. Mama Madeleine, 'yar garin Kayele ce, Kirista, ta tsufa a Pitowa. Tana zaune ƙarƙashin gwabarta tana ɓarar gyaɗa.

"Yau wace rana, tela a gidana? Ko kin zo ki gama min rigar bara?"

Kaltumi ta yi dariya ta zauna, ta ja tiren ta taya ta. Sai da suka gama gaisuwa, suka yi zancen ciwon gwiwa, sannan ta ce, "Mama, lokacin da na yi ƙyanda, kunun da kika kawo min, wa ya dama?"

Hannun tsohuwar ya tsaya. Ta kalle ta ta gefen ido.

"Me ya tono wannan?"

"Tunawa kawai na yi."

"Ni na kawo."

"Na san ke kika kawo."

Mama Madeleine ta hura ɓawon gyaɗar da ke tafinta. "Ke dai kin sha kununa ba sau ɗaya ba. Kin taɓa jin na sa tsamiya? Ni lemon tsami nake matsawa." Ta ci gaba da ɓara. "An sa ni na yi alkawari, kuma ban karya ba. Ki shaida ban ambaci kowa ba."

"Na shaida, Mama."

"Zanar nan sai da na sauya ta bayan ta tafi. Ramin da aka yi mata, akuya ma ta shiga."

Kaltumi ta yi dariya, hawaye na zuba kan gyaɗar. Tsohuwar ta yi kamar ba ta gani ba, ta shiga wasa da ƙafar yaron.

Ranar rufe ƙuri'a, Malama Balkisu ta sanar da cewa na biyu da na huɗu sun yi kunnen doki, saura mutum ɗaya ba ta jefa ba. In aka tashi a haka, babu wadda ta ci a wannan watan, babu sunan da za a buɗe. Sai ga saƙonta a ɓoye ya shigo wa Kaltumi: "Saura ke. Zan rufe bayan la'asar."

Kaltumi ta rubuta "na huɗu", ta tsaya tana kallon kalmomin. Babu wanda zai ce ta karya doka. In ta tura, yau ɗin nan Malama za ta rubuta sunan Adda a gaban kowa, Adda kuma dole ta ɗauki waya ta yi magana da bakinta. Matan zaure duka za su san cewa yarinyar tabarmar nan ita ce, cewa an zo dominta, an tsaya bayan zana dominta. Tun tana ƙarama abin da take so ke nan, a faɗa a fili sau ɗaya.

Sai ta tuna rumfar atamfa. Rabin matan layin suna cikin zauren. Ta ga yadda za su taru gobe da safe, wannan ta yi guɗa, waccan ta ce, "Ashe Hajiya Mairamu haka kike son 'yar farin nan?" Ta ga Adda tana jan mayafi tana rufe fuska. Matar da ta kasa shiga ƙofar uwarta, ba ta iya faɗar wannan magana ba sai da aka yi mata alkawarin cire sunanta. Wataƙila ba ta taɓa zaton labarin tsohuwa irinta zai kai ko'ina ba. In aka buɗe ta yau, ba za ta ƙara rubuta ko layi ɗaya ba.

Ta goge. Ta tashi ta wanke wa yaron jiki, ta dawo, ta sake rubuta "na huɗu", ta sake gogewa. Ana kiran la'asar ta tura: "Malama, na janye."

Malama Balkisu ta san sunan da ke bayan kowace lamba. Ta daɗe tana rubutu tana gogewa, Kaltumi na gani. A ƙarshe abin da ya shigo shi ne, "Na karɓa. Allah ya yi miki albarka."

A zaure ta sanar da cewa mutum ɗaya ta janye bisa doka, wata ya tafi babu gwana. Maimuna ta turo murya tana kururuwa, "Wace ce wannan mai baƙin ciki? Ta fito in gan ta! Na riga na tanadi guɗata!" Aka yi ta dariya, aka yi ta mita, kafin magariba an koma zancen tsadar mai.

Bayan kwana biyu Kaltumi ta hau taksin Garwa. Ta sami Adda a tsakar gida tana tsince shinkafa, ƙannen Kaltumi duk sun fita.

"Kin zo?"

"Na zo, Adda. Ina wuni?"

"Lafiya. Ya mai gidan? Ya wannan?" Ta nuna yaron da haɓa.

Kaltumi ta kwance shi, ya rarrafa wajen kaji. Ta zauna a bakin tabarma, nesa kaɗan, inda ta saba zama. Adda ta ci gaba da jefa tsakuwa a murfin tukunya.

"An ce wata ta ɓata wa mutane wata guda a wayar nan taku," in ji Adda, idonta na kan tire.

"Doka ce, Adda. In ka gane, sai ka janye."

"Uhm." Ta tsinci wata tsakuwa. "Da an buɗe sunan nan, ina jin mai shi sai ta bar kasuwa."

"Haka ita ma wadda ta janye ta gani."

Adda ta sunkuya kan tiren. Ta juya shinkafar da yatsa, ta sake juyawa, alhali babu sauran abin tsincewa. Can ta ajiye tiren gefe, ta ɗago, ta kalli kan Kaltumi inda ɗankwali ya zame.

"Wa ya yi miki wannan kitson? Kamar an yi faɗa da kai."

"Wata yarinya ce a unguwarmu."

"Matso."

Kaltumi ba ta motsa ba, don ba ta tabbata ta ji daidai ba.

"Matso mana. Ɗauko kibiyar can a taga."

Ta ɗauko, ta zauna a ƙasa tsakanin ƙafafun mahaifiyarta, ta juya mata baya. Hannun Adda ya sauka a kanta, da nauyi, da ɗumi, yana ƙanshin sabuwar atamfa. Ta fara tsefewa daga ƙeya a hankali. Kaltumi ta kafe idonta kan yaron da ke bin kaji, ta ƙi ƙiftawa.

"Daina sunkuyar da kai," in ji Adda.  Ta tsefe layi ɗaya, ta kama na biyu.

"Wata mai zuwa, kan me Malamar taku ta ce a rubuta?"

"Kan damina."

"Damina," in ji Adda. Ta raba gashin da kibiya. "To."