Gurnani a Sifikar Baya

A sana'ata ta gyaran wayoyin mota, ba abin da ke ba ni haushi kamar ciwon da ke warkewa da ganin likita. Haka motar Dogo, abokina tela, ta yi mini.

"Gurnani take yi," in ji shi. "Da na kunna waƙa sai wani 'mmm' ya taso daga sifikar baya, kamar ƙudan zuma a cikin tulu."

Na kunna, sauti garau. Na taka totur ko ƙarar za ta bi injin, shiru. Na zare cajar waya, na kankare tsatsa a inda wayar rediyon ke ɗaure da ƙarfen mota, har sifikar na canza. Bayan kwana biyu sai ga Dogo, rai a ɓace.

"Cire rediyon gaba ɗaya! Baba nake kaiwa asibiti, ba zan riƙa damunsa da wannan ƙara ba."

"Wai yaushe take yi?"

"Ranar asibiti mana."

Na ajiye sukudireba na ce a tafi da ni.

Baban Dogo ko a da ba mai fara'a ba ne, tun rasuwar matarsa kuwa magana ma sai an yi da gaske. Ya hakimce a baya da sandarsa, Dogo na tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai, ko madubi ba ya iya kallo. Aka saka tsofaffin waƙoƙin da marigayiyar ke so. Ba mu kai kwanar farko ba, sai ga gurnani.

"Ka ji ko!" in ji Dogo.

Na ji. Na kuma lura gurnanin yana hawa inda waƙa ta hau, yana sauka inda ta sauka. Ban taɓa ganin lalatacciyar waya mai bin amshi ba. Shaiɗan ya zuga ni, na kai hannu na kashe rediyon ɗif.

Gurnani ya ci gaba shi kaɗai, har da ɗan lanƙwasa. Sai ya yanke. Baba ya yi tari, ya juya yana kallon wani shagon tayoyi kamar zai saya.

Dariyar da na ƙunso ta maƙale. Kunya ta kama ni, don na yaye wa tsoho mayafi a tsakiyar titi. Dogo ya ɗaga ido ya dubi madubi, idanunsa suka kawo ruwa.

"Kai mai gyara," in ji Baba, murya a daƙile, "ka gano matsalar?"

"Na gano, Baba. Ba ta gyaruwa."

"To a cire."

"A'a, Baba," Dogo ya ce, "mun saba da ita."

Ya kunna rediyon, ya ƙara sauti sosai, yadda sifikar baya za ta samu wurin ɓuya. Kafin mu kai ƙofar asibiti ta dawo aiki.